Kantar da Nake Tsallakewa

Anti Yagana, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Ni ban iya gajarta magana ba, sai na jero ta tun daga farko nake gane kanta. Na gaji, Anti, irin gajiyar da mutum zai tashi da safe ya ji kamar bai kwanta ba.

Ni ma'aikaciya ce a ɗakin karatu na wata jami'a a nan Bauchi. Kada ki ɗauka ina cikin manya masu digiri. Iyakacin karatuna sakandare, kuma na ɗan haura arba'in. Aikina jera littattafai. Kullum da safe, kafin a buɗe wa ɗalibai ƙofa, nakan bi kantoci ɗaya bayan ɗaya ina duba lambar da ke manne a gadon bayan kowane littafi, in tabbatar yana mazauninsa. Mu a wurin aiki karatun kanta muke ce wa wannan. Wanda bai sani ba zai ga kamar ɓata lokaci ne, amma littafin da aka saka ba a gurbinsa ba daidai yake da wanda ya ɓata, ko da yana cikin ginin. Shi ne abu na farko da shugabar sashenmu, Madam Adenike, ta koya mini ranar da na fara aiki, kuma na riƙe shi shekara da shekaru ba a taɓa kuka da ni ba.

Ɗalibai suna da wata ɗabi'a idan jarrabawa ta matso. Mutum zai ɗauki littafin da kowa ke nema, ya kai shi wata kanta daban ya cusa a bayan waɗansu, don gobe ya dawo ya same shi shi kaɗai. Na sha tsamo littafin injiniya a cikin na noma, na sha ciro na kimiyya a bayan ƙamus. Ba na ma jin haushi, in na gani sai in ɗauka in mayar, aikina ke nan.

To, akwai wani littafin lissafin ƙididdiga, ƙato mai koren bango, ɗalibai suna ce masa Kore. Malamin da ke koyar da darasin, Dakta Mijinyawa, daga tambayoyin da ke ƙarshen kowane babi yake tsamo jarrabawarsa, kowa ya san haka. Guda biyu aka saya mana. Ɗaya Dakta ya ara tun ina goyon autata, yanzu yarinyar tana firamare, bai dawo da shi ba, babu kuma wanda ya tambaye shi. Ɗayan da ya rage ba a ba da aronsa, kuma Madam ta hana a kai shi fotokwafi domin ɗinkinsa ya saki, in aka danna shi a kan inji ganyayensa fita suke yi. Saboda haka duk wanda ya riga kowa ɗauka da safe, shi da abokansa za su yini a kansa, wannan ya tashi ya miƙa wa wancan, har a rufe. Masu manyan wayoyi sun ɗauki hoton shafukan da suke so, amma ba sa ba kowa sai nasu.

Wata safiya na tsinci Kore a can ƙuryar ɗakin, a kantar ƙasa inda muke ajiye tsofaffin rahotannin gwamnati, wurin da gizo-gizo kaɗai ke zuwa karatu. Na ɗauka na mayar. Washegari na sake samunsa a wurin, na sake mayarwa. Haka muka yi ta yi da wanda ban sani ba, har wata rana da yamma, dab da tashi, ina turo keken littattafai na ga wata mata a durƙushe a ƙuryar nan tana cusa shi.

Sunanta Bernadette. Matar soja ce, a barikin Shadawanka take zaune, an tura mijinta aiki can arewa maso gabas ya daɗe bai leƙo gida ba. Ba yarinya ba ce, za ta yi kusan sa'ar ƙanwata. Ta ce kafin ta shirya 'ya'yanta ta kai su makaranta, ta samo abin hawa, ta shiga lacca ta fito, rana ta take, samarin nan sun riga sun zauna a kan littafin. In ta roƙe su sai su ce mata, Madam ki bi layi, alhali layin na abokansu ne. Tun da aka shiga zangon nan ko bangonsa ba ta taɓa ba, sai da ta fara jiran su tashi su bar shi a kan tebur, ta ɗauka ta ɓoye. Ba ta yi kuka ba, ba ta ma roƙe ni ba. Cewa ta yi, da Hausarta ta bariki, in zan kai ta wurin oga in kai ta, ita dai ta gaji.

Anti, ban san abin da ya same ni ba. Ni ma na so in ci gaba da karatu, har na taɓa karɓo takardar neman shiga, sai haihuwa ta zo, wata ta biyo baya, maganar ta bi ruwa. Da na ga matar nan a durƙushe da ƙura a gwiwar zaninta, sai na ji kamar ni ce da na yi ƙarfin halin da ban yi ba. Ban ce mata ta ci gaba ba, ban kuma ce ta daina ba. Na tura kekena na wuce. Da gari ya waye na zo karatun kanta, da na iso ƙuryar nan sai na tsallake kantar ƙasa. Tun daga ranar nake tsallake ta.

Ita kuwa kullum da rana sai ta zo, ta gaishe ni da Antina, ta wuce ƙurya ta ciro abinta, ta juya wa mutane baya ta yi ta rubutu. Har cin-cin ta kawo mini cikin kwalba. Na so in ƙi karɓa, na ji nauyi, na kai gida yara suka cinye, ni na kasa kai ko ɗaya bakina.

Da a nan maganar ta tsaya, wataƙila da ban rubuto miki ba. Akwai wani ɗalibi, Mansir, daga Tirwun yake zuwa. Bara ya faɗi wannan darasin, kuma darasin nan kaɗai ya riƙe shi. Abokan karatunsa duk sun tafi bautar ƙasa, shi yana nan yana maimaitawa, ya ce in ya sake faɗi bana bai san da wane ido zai dubi mahaifinsa ba, don ya bar tsohon shi kaɗai da gona. Kafin a buɗe ƙofa yana tsaye a waje, wani lokaci da taɓon gona a takalminsa. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila. Sai ya rusuna ya gaishe ni, Inna ina kwana, sannan ya tambaye ni ko Kore ya fito. Ni kuma in ce ya duba ko wani yana riƙe da shi. Sai ya bi tebur-tebur yana leƙa abin da ke gaban mutane, har waɗansu suna yi masa tsiya wai ya zama ɗan sandan laburare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, rannan ya ce in ba zan damu ba zai taya ni nema, tunda idona biyu ne kantoci kuma da yawa. Muka bi tare, shi yana duba sama ni ina duba ƙasa. Da muka doshi ƙuryar nan sai na ji bakina ya ce can babu komai sai tsofaffin takardun gwamnati, na riga na duba. Ya yarda nan take. Ya ce Inna, in dai ke ba ki gan shi ba to ya bar ginin nan, Allah Ya isa tsakaninsa da wanda ya sace. Na ce amin. Anti, amin fa na ce.

Ina da ɗabi'ar rubuta abin da na yi a yini in na koma gida, tun ina budurwa nake yi. Kwanan nan sai in rubuta cewa na yi karatun kanta, in tsaya ina kallon rubutun, don na san ban gama shi ba.

Yanzu magana ta kai kunnen Madam. Mansir ne ya je ya gaya mata, ba ƙarata ya kai ba, har yabona ya yi cewa na sha wahalar nema. Madam ta tara mu ta ce in ba a ga littafin ba zuwa ƙarshen mako za ta rubuta cewa ya ɓata, kuma mu 'yan sashen za mu yi bayani. Ta kuma tuna mana dokar da ke manne a bakin ƙofa: duk ɗalibin da aka kama yana ɓoye littafi, a karɓe katinsa na shiga har ƙarshen zango. Jarrabawa kuwa ta zo gab.

In na faɗi gaskiya, za a kori Bernadette daga ɗakin karatu a daidai lokacin da ta fi bukatarsa, kuma a gida ba ta da inda za ta zauna ta yi karatu, ɗaki ɗaya ne da yara. In na ɗauko littafin na mayar a ɓoye na ce tsintarsa na yi, an koma gidan jiya, masu sammako su zauna a kansa, ita ta zo ta tarar da wayam, ta san ni ce. In na yi shiru, Mansir zai shiga jarrabawa hannu rabbana, da sanina. Na gaya wa maigidana, Ɗanlarai, tela ne a nan unguwarmu. Ko ɗaga kai daga keken ɗinkinsa bai yi ba, ya ce in mayar da littafin mutane in kama bakina, ai ba ni na tura mijinta daji ba. Wataƙila gaskiyarsa ce. Ni dai na kasa.

Na san akwai wata hanya. Muna da wani teburi da muke ce wa rizab, inda ake ajiye littafin da ya yi ƙaranci a hannun ma'aikaci, ɗalibi ya ba da katinsa a ba shi na ɗan lokaci, ya dawo da shi a ba wani. Amma a tsarinmu malamin darasi ne ke neman a kai littafi can, malamin kuwa Dakta ne, in aka tayar da maganar dole a tuna da wanda ke hannunsa. Wace ce ni da zan buɗe baki a kan Dakta? Tun da na fara aiki ban taɓa yin magana a taron ma'aikata ba, sai dai in zauna a baya in ce to. Kullum gani nake in na yi magana za a ce mai takardar sakandare me ta sani.

Anti, me zan yi? Shin ni muguwa ce, ko dai wauta ce ta yi mini yawa? Kuma in na yi magana aka hukunta matar nan, ina zan kai hakkinta?

Taki a gajiye,
Mai Jera Littattafai, Fadaman Mada, Bauchi

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Ke ba muguwa ba ce. Muguwa ba ta kasa cin cin-cin, ba ta kuma zama ta rubuta wasiƙa irin wannan. Tausayi ne ya kama ki, sai dai kin ba mutum ɗaya shi duka, kin manta wurin da kike aiki na kowa ne.

Bernadette tana da gaskiya a kukanta. Tsarin da zai bar 'yan samari su yini a kan littafi ɗaya don kawai sun riga kowa isowa ba adalci ba ne, kuma mace mai yara a bariki ba za ta taɓa cin wannan tseren ba. Amma abin da ta yi shi ne dai abin da suke yi, ita ma ta zauna a kansa, nata zaman ma ya fi nasu tsawo. Mansir kin san shi domin yana gaishe ki. Ajin nan kuwa cike yake da waɗansu da ba su iya zuwa su ce Inna ba, sun nema sun rasa sun haƙura. Su ma suna cikin maganar.

Maigidanki ya faɗi rabin gaskiya. Littafin dole ya fito. Amma in kika mayar da shi kanta kika yi shiru, kafin mako ya zagayo wani zai sake ɓoye shi, wannan karon a inda ba ki sani ba. Don haka kada ki kai shi kanta, ki kai shi hannun Madam Adenike, gobe da safe, kafin a buɗe ƙofa. Ki gaya mata naki laifin da bakinki, cewa kin san inda yake kin ɗauke kai, da dalilin da ya sa. Ba sai kin fara da ambaton sunan ɗalibar ba. In ta matsa sai ta ji, kada ki yi mata ƙarya, amma ki nema wa matar sassauci, ki bayyana halin da take ciki kamar yadda kika bayyana mini. Ba zan yi miki alkawarin cewa Madam ba za ta yi faɗa ba, tana iya ma ba ki takardar gargaɗi. Ki daure. Matar da ta koya miki aiki, ta kuma ga shekarun da kika yi ba a kuka da ke, za ta fi son ta ji daga gare ki da ta gano da kanta.

A zaman nan ne za ki kawo maganar rizab. Ki ce mata kin ga yadda ake yi da littafin nan kullum, kuma in ba a raba lokacinsa ba rigimar ba za ta ƙare ba. In tsari ya ce sai malami ya nema, to ita za ta kira malamin, wannan nauyinta ne ba naki ba. Naki shi ne ki faɗa mata abin da idonki ya gani a tsakanin kantoci, tunda ita tana ofis ke kina wurin. Ki kuma tuna mata da wanda ke hannun Dakta, a hankali, ba da zargi ba. Mai yiwuwa da shi yake shirya darasi, mai yiwuwa kuma yana can ƙarƙashin tarin takardu ya manta da shi sam. Ɗakin karatu ya aika wa malami tunatarwa ba rashin kunya ba ne, abu ne da ake yi. In ya dawo da shi ko na lokacin jarrabawa ne kawai, kun sami biyu, rabin wahalar ta tafi.

Bernadette kuwa, ki tare ta tun a bakin ƙofa, kada ki bari ta je ta durƙusa a ƙurya ta lalubi wurin da babu komai. Ki gaya mata abin da kika yi, ki gaya mata labarin Mansir. Mace ce da ta san mene ne rashi, ina zaton za ta gane. In ta yi fushi ki bar ta ta huce. Ki roƙi Madam a ware wani lokaci da rana saboda irinta masu zuwa a makare, ta samu rabonta a fili, tana zaune a tebur kamar kowa. Maganar cin-cin ki cire ta a ranki, yara sun ci sun more. Kada dai ki sake karɓar komai daga hannun ɗalibi har a gama jarrabawa.

Mansir shi ne ya fi cancantar ki nemi gafararsa. Ki kira shi gefe ki ce masa kin san inda littafin yake ranar da kuka yi nema tare, ki roƙe shi ya yafe, har da Allah Ya isan da ya yi. Zai ji zafi, kada ki hana shi. Sannan ki tsaya masa a fara ba shi littafin, tunda shi ya fi kowa asarar lokaci.

Sai maganar wace ce ke. Malami yana koyarwa ya tafi, Madam tana tsara aiki daga ofis, amma ɗalibin da ya shigo neman littafi ke yake tararwa. Ko ya samu ko ya rasa, ta hannunki abin ke bi. Mai irin wannan aiki tana da bakin magana a taro, ko wace takarda ke gare ta. Kuma na lura abin da ya karya miki zuciya a kan Bernadette bai rasa nasaba da karatun da kika ajiye. In an gama jarrabawa ki ɗauki hutunki ki huta sosai, sannan ki tambayi Madam ko akwai hanyar da ma'aikaci ke yin difloma a fannin laburare yana aikinsa. Tambaya ce kawai, ba ta wajabta miki komai.

Yawancin gajiyar nan taki ta ɗaukar abin da kike ɓoyewa ce, in kika sauke za ki ji bambanci. Allah Ya ba Mansir da Bernadette sa'a, Ya dawo mata da mijinta lafiya, ke kuma Ya ba ki ƙarfin zuciya. Gobe in kin shiga, ki fara karatun kanta daga kantar ƙasa ta ƙurya.

Anti Yagana